Ƙamusun Oxford na masu koyon Turanci: yadda yake raba gulma da kai ƙara

Da wuya mutum ya shiga babban kantin littattafai a Kano, Kaduna ko Zariya ya rasa ƙamusun Oxford Advanced Learner's Dictionary a kan kanta, kuma da wuya a sami malamin Turanci na sakandare wanda bai taɓa umartar ɗalibansa su mallake shi ba. Tushen littafin aikin A. S. Hornby ne, wani malami ɗan Ingila da ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, inda aka fara buga ƙamusun a 1942, kafin maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948. Bugu na goma, wanda shi ne a gabana, ya fito a 2020. Tun farko an tsara shi ne domin wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, saboda haka ma'aunin da ya dace a auna shi da shi ba yawan manyan kalmomin kimiyya ba ne, domin waɗannan kowane ƙamus yana iya jera su. Inda ake gane gwanintar irin wannan littafi shi ne a kalmomin da suka yi kama da juna har baƙon harshe ya ɗauka duk ɗaya ne, alhali mai harshen ba zai taɓa sanya wannan a gurbin waccan ba. Don haka na gwada shi da gida ɗaya na kalmomi, wato waɗanda Turawa ke amfani da su wajen surutun banza, da yi da mutane, da kai ƙarar wani gaban na gaba.

Bahaushe ba ya bukatar a koya masa cewa wannan fage yana da rassa. Ya san hira daban take da surutu, ya san gulma ba ita ce jita-jita ba, ya san mai tsegumi bai kai annamimi ɓarna ba, kuma ya san yaron da ya kai ƙarar ɗan'uwansa wurin uwa ba a kiransa ɗan leƙen asiri. Matsalar tana tasowa ne idan ya tsallaka zuwa Turanci, inda yawancinmu muka fito makaranta da kalmomi biyu kacal, “gossip” da “report”, muna ɗora musu duk wani kaya. Ƙananan littattafan da ke jera kalmar Turanci a hagu da ta Hausa a dama suna ƙara dagula lamarin, domin suna iya ba ka “gulma” a gaban kalmomi huɗu ko biyar ba tare da sun gaya maka wace ce ta bakin yara, wace ce ta bakin ɓarayi, wace ce kuma ta takardar kotu ba.

Abin da ya fi burge ni a wannan ƙamus ba bayanin ma'ana ba ne, ƙananan alamomin da yake sakawa kafin bayanin ne, waɗanda masu karatu da yawa ke tsallakewa saboda an buga su da ƙananan haruffa. Alama ɗaya tana nuna cewa kalmar ta hira ce ba ta rubutun hukuma ba, wata tana nuna cewa mai faɗinta yana sukar wanda yake magana a kansa, wata tana cewa kalmar ta tsufa, wata kuma tana bayyana ko ta Birtaniya ce ko ta Amurka. A gidan kalmomin da nake magana a kai, kusan dukkan bambancin yana cikin waɗannan alamomi ne. Wanda ya karanta ma'ana ya bar alama ya sami rabin labari, kuma rabin da ya bari shi ne wanda zai kunyata shi a gaban jama'a.

Kalmomin surutu zalla ba su da wahala, kuma ƙamusun ya sallame su cikin sauƙi. “Chat” hira ce ta zumunci wadda babu aibu a cikinta, “chatter” zuba ce da sauri a kan abin da bai taka kara ya karya ba, “prattle” ita ma zuba ce amma da ƙanshin raini, kamar yadda babba ke kwatanta surutun yaro, “natter” kuwa taɗi ne na Turancin Birtaniya tsakanin waɗanda suka saba. “Small talk” ita ce 'yar maganar da ake yi da baƙo domin kada a yi shiru, wadda a Ingila takan faɗa kan yanayin sama. Duk waɗannan ba su taɓa mutuncin kowa ba, lokaci kawai suke ci.

A kan “gossip” ne aikin ya fara nauyi, kuma a nan ƙamusun ya yi abin yabo, domin ya raba kalmar gida uku. Akwai ma'anar zancen da ake yi a kan rayuwar wasu, wanda zai iya zama na mugunta ko na ƙarya, akwai ma'anar mutumin da ya mayar da hakan sana'a, wato magulmaci, kuma waɗannan biyun suna ɗauke da alamar suka. Amma akwai ta uku, wadda ke nufin zaman hira tsakanin aminai a kan labarin mutane, kuma ita ba a ɗora mata wannan alama ba. Baturiya tana iya cewa ta je gidan ƙawarta sun sha shayi sun yi “a good gossip”, ta faɗe shi tana murmushi, ba tare da ta ji ta amsa wani laifi ba. Mai fassarar da ya mayar da wannan jimla ya ce matar ta je sun yi gulma mai kyau ya ɓata ta, domin a kunnen Bahaushe gulma ba ta da kyau ko kaɗan, kuma babu wadda za ta yi shelar ta yi ta. Abin da ya fi kusa shi ne a ce sun baje kolin hira, sun taɓo labarin kowa. Shafin intanet na ƙamusun yana ƙara bayanin asalin kalma, kuma na wannan ya taimaka wajen fahimtar dalilin sassaucin: a tsohon Turanci “godsibb” na nufin wanda ya tsaya wa jariri a coci ranar baftisma, daga nan ta koma nufin amini na kusa, sannan mai yawan zance, kuma sai a farkon ƙarni na 19 ta zama sunan zancen kansa. Zumuncin da kalmar ta taso a cikinsa bai gama fita daga jikinta ba har yau.

Wanda yake son kalmar da ta dace da giba, wadda aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana, “backbiting” zai nema, domin ita ce ke nufin mummunar magana a kan wanda ba ya wurin, kuma ita ce masu fassara littattafan addini suka fi amfani da ita. “Rumour” jita-jita ce, kuma bambancinta da “gossip” shi ne ba dole ba ne ta shafi rayuwar wani, tana iya zama a kan farashin mai ko sauke minista. “Hearsay” ita ce an-ce-ka-ce, abin da mutum ya ji amma bai gani ba, shi ya sa take yawan fitowa a bakin lauyoyi. “Slander” da “libel” kuwa ɓata suna ne da ƙarya wanda ake iya kai mutum kotu a kansa, ta farko da baki, ta biyu a rubuce. Ƙamusun ya haɗa waɗannan biyun da ishara daga ɗaya zuwa ɗaya, abin da duk ɗan jarida ya kamata ya bi ya karanta.

Kalmar da ta tsaya a tsakiyar gidan ita ce “tattle”, domin ƙafarta ɗaya tana cikin surutu, ɗayar tana cikin kai ƙara. Idan aka ninka ta aka ce “tittle-tattle”, ana nufin ƙananan maganganu marasa tushe a kan mutane, wato gutsiri-tsoma. Idan kuwa aka ce wani ya yi “tattle on” wani, an koma ga kai rahoton laifinsa wurin mai iko, kuma ƙamusun ya nuna cewa wannan amfani ya fi yawa a Amurka. Daga nan ne aka sami “tattletale” ta Amurka da takwararta “telltale” ta Birtaniya, dukkansu sunan yaron da ba ya ganin abu ya yi shiru. A ɗauki aji a firamare, malama ta fita, wani yaro ya ɓalle murfin biro yana harbin na gabansa da takarda, tana dawowa sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, wane ne ya yi.” A bakin malamar, yarinyar ta yi “report”, kalmar da ba ta da wani ɗaci. A bakin sauran yara kuwa ta yi “tell on” ɗan ajinsu, ko ta yi “tell tales”, kuma idan makarantar a Ingila take a zamanin da, za su kira ta “sneak”, kalmar da ƙamusun ya yi wa alamar tsufa. Aiki ɗaya ne yarinyar ta yi, sunansa ne ke canzawa gwargwadon wanda ke ba da labarin.

Wannan shi ne babban darasin da alamomin ke koyarwa, kuma ya fi fitowa fili idan aka bar makaranta aka shiga duniyar masu laifi. “Grass” kalmar Birtaniya ce ta wanda ya tona wa 'yan sanda asirin abokan ta'asarsa, kuma daga gare ta aka ƙirƙiro “supergrass” a shekarun 1970, domin wanda ya tona asirin mutane da yawa a lokaci guda don a sassauta masa hukunci. “Rat on” tana ɗauke da ma'anar cin amana, tana kamanta mutum da ɓera. “Squeal” asalinta ƙarar da dabba ke yi idan an matse ta, saboda haka tana nuna wanda ya fasa ƙwai da ya ji matsi. “Shop”, wadda kowa ya sani da ma'anar kanti, a Turancin titi na Birtaniya tana nufin miƙa mutum ga hukuma, mutanen Ostareliya kuma suna cewa “dob in”. Abin lura shi ne kusan dukkan waɗannan kalmomi daga bakin wanda aka tona wa asiri suke fitowa, ko daga bakin masu tausaya masa. Ɗalibin da ya tsinci “snitch”, wata kalmar tona asiri, a fim ya rubuta a takardar jarrabawa cewa ɗan ƙasa nagari shi ne wanda zai yi “snitch” ga 'yan sanda idan ya ga ɓarawo, ya zagi mutumin da yake son yabo ba tare da ya sani ba. Da ya duba ƙamusun, alamar suka tana nan a gaban kalmar kafin ma a fara bayani.

“Blab” ta fita daban, kuma na ji daɗin yadda bayaninta bai ambaci hukuma ba sam. Mai yin “blab” ya saki maganar da ya kamata a ɓoye ne, sau da yawa ba da niyyar cutarwa ba, bakinsa ne kawai ba shi da linzami. Annamimi yana da manufa, mai suɓutar baki ba shi da ita.

Kalmomi uku na ƙarshe su ne suka fi shafar mai karanta jarida. “Informer” shi ne mai kai wa 'yan sanda ko gwamnati bayanan mutane a ɓoye, kuma a Turai kalmar tana da wari, saboda tarihin ƙasashe irin su Jamus ta Gabas, inda hukumar leƙen asiri ta Stasi ta riƙa sa maƙwabci ya sa ido a kan maƙwabcinsa. “Informant” ta fi ta tsabta, har ma ƙamusun ya ba ta ma'ana ta biyu ta masana, wato mutumin da mai bincike ke tattara bayanai daga bakinsa, kamar dattijon da ɗalibin jami'a ke yi wa tambayoyi a kan karin harshen garinsu. “Whistle-blower” kuwa ita ce mai daraja a cikinsu, domin tana nufin ma'aikacin da ya fallasa ɓarnar da ake yi a wurin aikinsa saboda amfanin jama'a. Amurka ta yi dokar kare irin waɗannan mutane a 1989, Birtaniya ta yi tata a 1998, kuma a Disambar 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayyar Nijeriya ta ƙaddamar da tsarin kwarmata bayanai, wanda ya yi alkawarin ba mai kwarmato tsakanin kashi 2.5 zuwa kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. Amma ko wannan kalma hukunci ce, ba suna kawai ba. Lokacin da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asiri, ya fitar da bayanan sirrin hukumar tsaron Amurka a 2013, masu goyon bayansa sun kira shi “whistle-blower”, masu adawa da shi sun kira shi maci amanar ƙasa, wasu kafafen labarai kuma suka zaɓi “leaker”, wato mai fitar da bayanan sirri, domin kada a ce sun ɗauki ɓangare.

Duk da wannan yabo, littafin yana da gazawa, kuma babbar cikinsu daga tsarinsa ta taso. Tun da kalmomin a jere suke bisa haruffa, 'yan gida ɗaya sun watse a shafuka masu nisa da juna: “blab” tana can farko, “grass” a tsakiya, “tattle” da “whistle-blower” suna can ƙarshe. Duk kwatancin da na yi a sama sai da na tattaro shi da kaina, ina buɗe nan ina sa yatsa a can. Mai karatun da bai riga ya san cewa akwai kalmar “squeal” ba, babu abin da zai kai shi gare ta. Ishara zuwa kalma mai kama tana taimakawa, amma wani lokaci tana ruɗarwa, domin idan aka ce wannan takwarar waccan ce, ɗalibi yakan ɗauka yana iya musanya su a ko'ina. Bayanin “snitch” ma ya fi karkata ga yara da malamansu, alhali duk wanda ke kallon finafinan Amurka ya san cewa a can kalmar ta gidan yari ce da unguwannin 'yan daba, kuma wanda aka laƙaba wa ita yana iya rasa ransa. Ga wanda bukatarsa ita ce ya fara daga ma'ana ya nemo kalma, Longman Language Activator, wanda ya fara fitowa a 1993, ko Oxford Learner's Thesaurus na 2008, sun fi dacewa, domin su a rukuni-rukuni suke tara kalmomi. Sai dai ba su cika samuwa a kantunanmu kamar wannan ba.

Gazawa ta biyu ta fi shafarmu kai tsaye. Turancin da ake yi a Nijeriya yana da nasa kalmomin a wannan fage, kuma ma'aunin littafin Landan ne da New York. A Ingila “gist” na nufin gundarin magana, amma a Legas ko Abuja idan aka ce a zo a yi “gist”, hira ake nufi, sau da yawa mai haɗe da ɗan tsegumi. Babban ƙamusun tarihi na Oxford English Dictionary, wanda aiki ne daban da wannan, ya karɓi wannan ma'ana a Janairun 2020 cikin kalmomin Nijeriya 29 da ya shigar, har da “Kannywood”. Akwai kuma “amebo”, wadda ta yaɗu daga sunan wata magulmaciya a tsohon wasan talabijin na The Village Headmaster, da “tatafo”, da “aproko”, duk sunayen mai tsegumi, waɗanda kowa ke ji a tasha da kasuwa. Mafi muhimmanci ita ce “informant”. A Zamfara, Katsina da Sakkwato, idan jarida ta ce an kama “informants”, ba masu taimaka wa 'yan sanda take nufi ba, masu kai wa 'yan bindiga rahoton wanda ya sayar da shanu ko hanyar da sojoji za su bi take nufi, kuma kalmar ta shiga Hausa a matsayin infoma, sunan da ya isa ya jawo wa mutum halaka a ƙauye. Hanyar bayanin ta juya gaba ɗaya, daga mai laifi zuwa hukuma ta koma daga jama'a zuwa mai laifi. Baƙon da ya dogara da ma'anar da aka saba da ita a Ingila zai karanta irin wannan labari a baibai, ya yi mamakin dalilin da zai sa a kama mai taimakon hukuma.

Ta fuskar jikin littafin, yana da kauri da nauyi, takardarsa siririya ce, rubutun kuma ƙanana ne ƙwarai, musamman alamomin da na ce su ne ruhin aikin, ta yadda mai raunin gani zai sha wahala idan ba a cikin haske sosai yake ba. An rubuta bayanan ma'ana da zaɓaɓɓun kalmomi masu sauƙi da ake kira Oxford 3000, saboda haka ɗalibin babbar sakandare zai iya bin su ba tare da ya nemi wani ƙamus ya fassara masa ƙamus ba. Wajen saye akwai bukatar lura, domin jabun bugu ya yi yawa a kasuwa. Ana gane shi da tawadar da ta yi dishi-dishi ko ta malala, da launin kan kalmomi da ya koɗe, da ɗaurin da ke fara sakin shafuka tun littafin yana sabo, kuma a irin wannan bugu ƙananan haruffan ne ke fara ɓacewa. Na ainihi yakan zo da lambar shiga manhaja da ƙarin kayan intanet na wani ƙayyadadden lokaci, abin da jabu ba zai bayar ba.

Wanda kuɗinsa bai kai ba yana iya buɗe shafin Oxford Learner's Dictionaries a waya kyauta, inda zai sami bayanan da alamominsu, da asalin kalma, da kuma furucin Birtaniya da na Amurka da zai saurara da kunnensa. A gwajin da na yi, shafin ya fi littafin sauƙin aiki, domin taɓa kalma ɗaya yana kai ka ga 'yar'uwarta nan take, wanda hakan ke rage matsalar watsewar da na ambata. Manhajar waya cikakkiya ta kuɗi ce, amma tana aiki ba tare da intanet ba idan an sauke ta, abin da zai amfani malamin da ke koyarwa a inda sabis ba shi da ƙarfi. Ga ɗalibi mai shirin jarrabawa da malamin aji, littafin takarda ya cancanci kuɗinsa. Mai fassara labarai zuwa Hausa kuwa zai bukaci ya haɗa shi da ɗaya daga cikin littattafan nan biyu masu tara kalmomi a rukuni, sannan idan labarin daga jaridar Nijeriya ya fito, ya tambayi kansa wa aka kai wa maganar kafin ya rubuta infoma ko mai kwarmato.